Cikina Na Uku

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau a ofishin malamai Hedimasta Dube ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya danne ta da kofin shayinsa, ya karanta mana da ƙarfi. An shigar da ƙudurin doka a majalisar jiha. Duk ma'aikacin gwamnati da ya haifi ɗa na uku, za a sallame shi daga aiki. Da ya zo nan sai ya ɗago kai. Mu biyar ne a ɗakin, huɗun duk suka kalli cikina, sannan kowa ya nemi wani abin kallo.

Watana takwas. 'Ya'yana mata biyu, Chanda shekararta goma, Mithi shida.

Na ɗauki alli na koma aji uku. Na rubuta lissafin sau bakwai a allo, na kuskure har sau biyu, yara suka gyara min suna dariya. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a makarantar nan ta Karaundi, ban taɓa kuskuren sau bakwai ba.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Mijina, baban Chanda, ya samo ƙudurin gaba ɗaya a wayarsa. Ina murza gurasar roti yana karanta min, yana bin layi da yatsa kamar ɗan aji biyu. Akwai sashe na takwas: duk yaron da aka haifa cikin shekara ɗaya da fara aikin dokar, ba ya cikin lissafi. Na sa ya maimaita. Ya maimaita. Na zauna a ƙasa da gari a hannuna na yi dariya har hawaye.

Amma, surukata, ta leƙo daga ɗakinta ta ce dama ta san jikanta ba zai zo da masifa ba. Tun kafin in samu cikin take cewa namiji ne. Ita ta kai ni wurin bauta har sau uku a bara, ita ta ɗaura min zaren nan a hannu.

Yana motsi sosai yau.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan an tashi makaranta

An miƙa ƙudurin ga kwamiti. Hedimasta ya ce abin da ya shiga kwamiti yakan shekara bai fito ba, in kwantar da hankalina. Ruwa ya zubo ta rufin aji uku, muka koma baranda.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Mun je gidan ɗan majalisarmu. Baban Chanda ne ya nace, wai gara mu ji daga bakinsa. Awa biyu muna kan benci tare da masu neman a gyara musu gada da masu neman canjin wurin aiki. A bangon falonsa akwai babban hoto, shi da matarsa da 'ya'yansu. Na ƙirga ba da niyya ba. Biyar.

Ya sa aka kawo min kujera da ruwan sanyi. Ya ce mahaifina ne ya koya masa rubutu, ba zai manta ba. Ya ce sashe na takwas shi da kansa ya nemi a saka.

"Beti, 'yata, je ki haihu lafiya," in ji shi. "Mu ba mu yaƙi da abin da ke cikin ciki."

A hanyar dawowa baban Chanda ya saya min masara gasassa da lemon tsami da barkono. Rabon da ya saya min wani abu a hanya har na manta. Da damina ba mai kiransa gyaran injin ban ruwa, ga bayansa da ya hana shi ɗaukar nauyi tun faɗuwar da ya yi. Gidan nan da albashina yake tsaye, har maganin Amma. Ba ma faɗa, amma kowa ya sani.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Sun cire sashe na takwas.

Laraba, da yamma

Ban iya ci gaba ɗazu ba. Kwamitin ya gama aikinsa cikin kwana shida. Kwana shida. Sun ce in aka bar shekara ɗaya, mutane za su yi rige-rigen ɗaukar ciki. A sabon rubutun, duk yaron da aka haifa daga ranar da majalisa ta amince da ƙudurin, yana cikin lissafi. An sa ranar biyar ga Agusta don jefa ƙuri'a.

Likita ta ce min ashirin da biyu ga Agusta.

Na kira lambar ɗan majalisa sau huɗu. Wani ne yake ɗauka, yana cewa Saheb, wato maigidansa, na cikin taro.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Asibiti. Ban taɓa ganin layin masu ciki irin na yau ba. Malamai, ma'aikatan jinya, matan 'yan sanda, matar wani direban motar gwamnati da ta zo daga ƙauye tun safe. Ba wadda ta tambayi wata me ya kawo ta. Wata kusa da ni, cikinta wata shida, tana ta roƙon ma'aikaciyar jinya a rubuta mata takwas.

Da na shiga, likita ba ta bari na buɗe baki ba. Ta ce ni ce ta goma sha tara yau. Ta auna, ta duba hoto, ta ce huhun jaririn bai gama ƙwari ba, ita ba za ta yanka ni a makon nan ba ko gwamna ne ya roƙe ta. Amma ranar biyu ga Agusta za ta iya. Ta rubuta sunana a littafinta.

Biyu ga wata. Ƙuri'a biyar ga wata. Kwana uku a tsakani. Na fito ina ta godiya kamar an ba ni kyauta.

Yana motsi. Ka yi haƙuri, za a fito da kai da wuri.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe sha biyu da rabi na rana

Ana raba wa yara shinkafa da miyar wake ta dal, Hedimasta ya aiko in zo ofis. Wayarsa na jingine da kwalbar tawada, ana nuna zauren majalisa. An gajarta zaman damina, don haka sun jawo ƙudurin zuwa yau. 'Yan adawa suna ihu, suna yaga takardu, sannan suka fice. Kakakin majalisa ya karanta wani abu da sauri ba ya ɗaga kai. Ya ce masu goyon baya su ce e. Suka ce e. Ya ce masu adawa su ce a'a. Kujerunsu babu kowa. Ya ce masu e sun rinjaya.

Minti huɗu. Na duba agogon bango.

Na ga ɗan majalisarmu a layi na uku, cikin farar riga, yana buga tebur da tafin hannu.

Hedimasta ya kashe wayar. Ya ce saura sa hannun gwamna, kuma gwamna ba ya ƙin sa hannu. Na tambaye shi ko in koma aji. Ya ce in tafi gida. Na koma aji.

Laraba, 30 ga Yuli, da safe

Na kira asibiti na ce a soke ranar biyu ga wata. Ba ta da amfani kuma.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Hedimasta ya tsayar da ni bayan kowa ya watse. Ya rufe taga. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce dokar tana maganar 'ya'ya masu rai ne. Ya ce shi bai ce komai ba, amma ba kowane ciki ne ake dawowa da shi gida a hannu ba, kuma ofishin ilimi takarda yake dubawa, ba ya duba ɗaki. Ya ce yana da labarin ina da 'yar'uwa a nesa.

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin nan shi ya ba Chanda kyautar littafi ranar da ta zo ta ɗaya. Na ce na gode, Sir. Me ya sa na ce na gode?

Asabar, 2 ga Agusta, da rana

Yau ce ranar da likita ta sa min.

Lahadi, 3 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Yayata, Didi Sulochana, ta zo, ita da mijinta. Ba ni na kira ta ba, Amma ce. Shekara goma sha bakwai da aurenta, ba ta taɓa ko ɓari ba. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta sayar da awarwaronta na shiga kwalejin malamai.

An tura yara gidan maƙwabta. Jija, mijin Didi, shi ya yi bayani, a hankali, kamar yana karanta sharuɗɗan inshora. Wata biyu kacal da aka mayar da shi aiki Sohanganj, ba wanda ya san su a unguwar. Didi dama mai jiki ce, kuma ba ta fita. Yana da aboki mai ƙaramin asibiti. Zan shiga da sunan Didi. Takarda biyu za a yi, ɗaya tata, ɗaya tawa. Tata za ta ce ita ta haihu, tawa kuma abin da Hedimasta ya ce, wato jaririn bai zo da rai ba.

Baban Chanda ya miƙe tsaye ya ce ba a gidansa ba. Ya ce in bar aikin, shi zai tafi birni ya yi dako. Surukata ta tambaye shi da wane bayan. Ya zauna.

Sai ta juyo gare ni.

"Bahu, matar ɗana, abin mai sauƙi ne. In namiji ne, aiki ya tafi, mu riƙe abinmu. In mace ce, Sulochana ta ɗauka."

Ina jin ruwa na ɗiga cikin bokiti a tsakar gida. Didi ba ta ɗago kai ba tun da aka fara, amma na ga hannunta. Tana ta murza bakin zanenta na sari. Ba tsoro ba ne. Na san Didi. Ba tsoro ba ne.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Gwamna bai sa hannu ba tukuna. Jarida ta ce cikin makon nan.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Chanda ta kawo min takardar jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata in sa hannu. Tana so ta zama likita. Ta faɗa tana kallon ƙasa, kamar ta roƙi abin da ya fi ƙarfinta.

Ba wanda ya tilasta min. Ina so in rubuta wannan a nan don kada wata rana in ɗora wa Amma, ko Jija, ko Hedimasta. Ni na ɗauki waya na kira Didi na ce zan zo ranar Lahadi.

Litinin, 11 ga Agusta, Sohanganj, da yamma

Didi ta gyara ɗaki. Ta ce kayan na aro ne daga wata ƙawarta, amma na ga takardar kanti a jikin gidan sauro. Tana dafa min duk abin da nake so tun ina yarinya. Tana matsa min ƙafa. Ba ma haɗa ido.

Bai sa hannu ba tukuna.

Asabar, 16 ga Agusta

Bai sa hannu ba. Jija ya ce ba komai, lissafi daga ashirin da tara ga Yuli ya fara, ko yaushe ya sa.

Yana motsi.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Jiya ne, da hantsi. A wurin jira ma'aikaciyar jinya ta kira Sulochana har sau uku ban amsa ba, Didi ce ta amsa, sannan ta zungure ni. A ɗakin haihuwa suna ta cewa yunƙura Sulochana, yunƙura. Na yunƙura.

Mace ce.

Gashinta cike da kai. Kunnenta na hagu ya ɗan lanƙwashe a sama, irin na babanta. Aka kira shi a waya aka faɗa masa. Surukata ta karɓi wayar ta ce to, haka aka rubuta.

Lahadi, 24 ga Agusta, da rana

Kwana biyar ina ba ta nono. Didi na zaune a bakin gado tana kallon yadda nake riƙe kanta. Yau ta kawo kwalba ta ce gara a fara saba mata. Jaririyar ta ƙi karɓa, ta yi ta kuka, na juya fuskata bango. A karo na uku ta karɓa.

Ban sa mata suna ba. Didi ta ce sai an duba taurarinta.

Jija ya ba ni takardata cikin ambulan. Ban buɗe ba.

Talata, 26 ga Agusta, Karaundi, ƙarfe biyar na yamma

Gida cike da mata masu ta'aziyya tun safe. Sun zauna a tabarma, kowace na ba ni labarin nata da ta rasa. Matar mai shagon shayi ta rungume ni ta yi kuka na gaske, nata bai fi shekara ba. Ni kuma rigata na jiƙewa da nono, ina jan mayafi ina rufewa. Surukata tana tsakiya tana sharar hawaye, tana cewa ko fuskarsa ba ta gani ba. Fuskarsa. Har a nan ma namiji ta ce.

Malamai sun zo tare. Hedimasta ya haɗa hannuwansa ya sunkuyar da kai, bai shigo ciki ba.

Da suka watse Mithi ta hau cinyata. Ta tambaye ni a ina aka sa jaririn. Na ce can Sohanganj, kusa da kogi. Ta ce in ruwa ya yi yawa fa, wa zai ɗauke shi? Chanda ta ja ta waje. Chanda ba ta tambaye ni komai ba tun da na dawo. Tana kallona kawai.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ƙwayar busar da nono. Ganyen kabeji mai sanyi. Zazzaɓi.

Bai sa hannu ba.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Ofishin ilimi sun fara rarraba takardar rantsuwa tun kafin dokar ta fara aiki, wai don a shirya. Na je na cike tawa. Adadin 'ya'ya masu rai. Akwatin ƙarami ne, lamba ɗaya yake ɗauka. Na haɗa da ambulan ɗin Jija. Magatakardan ya buɗe, ya karanta, ya ce min sannu Madam, ya buga hatimi.

Na sa hannu a wuri uku.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe sha biyu na rana

Gwamna ya mayar da ƙudurin majalisa. Bai sa hannu ba. Ya ce a dawo da sashe na takwas.

Na karanta sau biyar. Na fita tsakar gida, na dawo, na sake karantawa.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

Sun yi zaman gaggawa sun dawo da shi. Shekara ɗaya cif, kamar yadda yake tun farko. An nuno ɗan majalisarmu a bakin ƙofar zaure yana gaya wa 'yan jarida cewa shi dama bai taɓa yarda a taɓa mata masu ciki ba.

Matar nan mai cikin wata shida za ta haihu a gadonta, da sunanta.

Hedimasta ya kira. Ya ce, "Madam, da mun sani," ya tsaya. Na jira ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba.

Baban Chanda ya sa takalmi ya ce mu tafi yanzu mu ɗauko ta. Surukata ta ce ya ɗauko wa, ai gari duk ya zo gaisuwa. Ya daka mata tsawa. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

Na kira Didi. Wayar tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Baban Chanda ya je wurin lauya shi kaɗai, ya ba da labarin kamar na wani abokinsa. Lauya ya ce abokin nan ya yi shiru da bakinsa. Rantsuwar ƙarya, takardun jabu guda biyu. Matar za ta rasa aikin da dokar ba ta ƙwace mata ba, kuma ita da yayarta da mijin yayar da likitan duk za su iya kwana a kurkuku. Yarinyar kuma, kafin kotu ta gama, gidan marayu za a ajiye ta.

Ya faɗa min yana tsaye a bakin ƙofa, bai cire takalmi ba.

Didi ba ta ɗauka ba. Sau tara.

Lahadi, 14 ga Satumba, cikin motar dawowa, ƙarfe biyar na yamma

Na tafi ni kaɗai da motar safe. Ban san me zan ce ba, na dai tafi.

Na daɗe ina ƙwanƙwasawa kafin ta buɗe. Ta rame. Akwai tabon madara a kafaɗarta, idonta ya faɗa, kuma ban taɓa ganin Didi da kyau irin na yau ba. Ta tsaya a ƙofa ta cika ta. Ta ce ta ga labarai. Na ce na sani. Ta ce in na zo ɗaukarta ne, in fara kiran 'yan sanda, don ita ba za ta miƙa da hannunta ba. Muryarta ba ta rawa. Sannan ta ce, "Urmila, ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne. Ba ta taɓa ba.

Ta matsa na shiga. An sa mata suna Ishani ranar Litinin, an raba alewa a unguwa, maƙwabta sun zo sun ce da Jija take kama. Ta yi kumari. An sa mata ɗigon kwalli a goshi saboda baki. Didi ta san kukan yunwa, ta san na barci, ni ban sani ba.

Ta ɗauko ta daga gado ta ɗora min a cinya. Yarinyar ta juyo da kai tana laluben ƙirjina da baki. Babu komai a wurin, ƙwayar ta yi aikinta. Ta fara kuka. Didi ta miƙo min kwalba, ta gyara min hannu, ta ce ba haka take so ba, a ɗan ɗaga.

Sai ta sunkuya ta shafa kumatunta, ta kira ni da sunan da 'ya'yana ke kiranta da shi, na 'yar'uwar uwa.

"Yi shiru, Ishani. Mausi ce ta zo ganinki."

Na riƙe kwalbar har ta shanye.